Totuwar Masara a Bakin Bindiga

Kunnena ne bai tsufa ba. Ido ya yi hazo, gwiwa ta ƙi tsugunno, amma ina zaune a tsakar gida nan Dubeli ina tsintar shinkafa zan faɗa maka wanda ya shigo lungu daga jan takalminsa. Shi ya sa ƙarar bindiga ta fi damuna a kan kowa a gidan nan. Shekaranjiya da la'asar aka saki uku a jere ta wajen Jambutu, siraran ƙara masu sauri kamar ana karya kara. Jikokina ko kai ba su ɗaga daga waya ba. Ni kuwa na ajiye faifai na kasa kunne ko zan gane ta waye, sai na tuna ai yanzu ba a gane ta kowa. Bindigogin yanzu duk murya ɗaya gare su, kuma ba ka taɓa ganin mai su.

Da ba haka ba ne. Mun tashi a wani ƙauye a bakin Binuwai, gaba kaɗan da inda Sangere take, tun babu jami'a, babu ɗakunan hayar ɗalibai, sai gonakin masara da dawa da fadama har inda ido ya tsaya. Bindiga uku ce a garin gaba ɗaya, kuma ko yaron da ke rarrafe ya san muryar kowacce. Ta babanmu ita ce mai babbar murya. Bindigar toka ce, ƙirar wani maƙeri na gabas da mu, doguwa har ta kusa kai kafaɗar namiji in an tsayar da ita, gindinta na itacen maɗaci ya yi baƙi da gumin hannu. In ta tashi sai ka ji wani dum mai nauyi, ya bi ruwa ya doki waccan gaɓar ya dawo, tsuntsayen bakin kogi su watse. Dada, wato mahaifiyarmu, don haka ake kiran uwa a wajenmu, tana jin haka sai ta ce mini, "Ke Auta, wanke babbar tukunya." Don dum ɗin Baba nama ne, gada ko zabbin daji, wani lokaci gwanki. In kuma da damina ne, to birai ne suka sauko wa masara, ko dorina ta hau tudu tana cin shinkafar mutane. In kuma ƙarshen azumi ne, an ga wata ke nan, mu fita da gudu muna tsalle. Ban taɓa jin ƙarar bindiga na ji gabana ya faɗi ba sai da na haifi 'ya'ya na aurar.

Aikina ne share ta. Duk ranar da Baba ya dawo, bayan ya sha ruwa, sai ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ni in kawo tsumma da ɗan man gyaɗa a murfin kwalba. Yayana Hamma Sali shi ke riƙe ƙarfen da ake dandaƙa albarushi da shi, yana hura hanci wai shi namiji. Har yau ina jin warin nan, ƙauri da mai da tsatsa. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma a kan bindiga yana da dokoki, kuma bai taɓa sassauta ko ɗaya ba. Ba ta shiga gari da ciki. In ya ɗura bai harba ba, sai ya tsaya a bakin daji ya juye ta a gindin wata kuka, ko da kuwa albarushin nan da tsada ya saye shi. Daga nan sai ya ciro totuwar masara daga aljihu ya cusa a bakinta, ya saɓa ta a kafaɗa, bakin a sama. Duk wanda ya hango totuwa ya san bindigar nan babu komai a cikinta, mace mai goyo ma za ta iya tsayawa su gaisa. In suka haɗu da baƙo a hanya, Baba kan sauke ta ya juyo masa da bakin don ya ga totuwar da idonsa, baƙon ya gyaɗa kai, sannan a yi sallama. Haka duk maharban yankinmu suke yi. Ban san wa ya fara ba, mun dai tarar.

Sannan akwai takarda. Shekara-shekara, in an gama girbi, Baba zai sa farar rigarsa ta Juma'a, ya saɓa bindiga da totuwarta, ya hau kwalekwale ya haye zuwa Yola. A can ake duba lambar da aka buga a gindinta, a buga wa takardarsa hatimi. Yana dawowa sai ya naɗe takardar ya sa a wani gwangwanin shayi mai murfi, ya tura can saman rufin ɗaki. Ba ya iya karanta ta, amma ya san adadin hatimin da ke jikinta kamar yadda ya san 'ya'yansa. Yakan ce hukuma ta san shi, shi ma ya san hukuma.

Da Allah ya yi masa rasuwa, aka raba gado, gona ta zo mana mu duka, bindiga da gwangwaninta suka tafi wajen Hamma Sali. Daji ya ƙare, gidaje suka cinye gonaki, dabbobi suka yi nisa. Hamma bai ƙara harba ta ba, bai kuma ƙara kai ta Yola ba, don a ganinsa abin da ba a aiki da shi ba ya buƙatar hatimi. Ni aure ya kawo ni Jimeta. Da maigidana ya rasu, shi ma Hamma matarsa ta rasu, sai ya dawo ɗakin zaure na gidan nan, ya rataye bindigar a bango a bayan ƙofa. Duk wata yana sauke ta ya shafa mata mai. Ta zama kamar tsohon hoto, ba mai ko kallonta.

Sai wannan masifa ta taso daga arewa. Ba sai na ba da labari ba, duk wanda ya zauna a garin nan ya gani. Mutane suka riƙa kwararowa da ƙullin kaya a ka, ƙafafu a kumbure, wasu ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Gidan nan kaɗai mun kwana mu talatin da wani abu, har a madafa. Aka hana babur. Aka jera buhunan yashi da tayoyi a kan tituna. Ranar da abu ya fashe a kasuwa ina cikin kwaɓa fulawa, ƙarar ta shigo ta ƙasa, ta tafin ƙafata, kafin ta iso kunne. Bayan nan gari ya canza murya. Mutane suka rage dariya a bakin famfo, masu talla suka daina doguwar waƙa, ko ladan sai ka ji kamar yana sauri. A wannan lokacin ne aka yi ta sanarwa a rediyo cewa duk mai bindiga, kowace iri ce, ya kai wa hukuma, kuma za a bi gida-gida, wanda aka samu da makami ba izini ya kuka da kansa.

Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ne Baba Yohanna, mutumin Ganye, tsohon akawun kotu. Shekara ashirin muna musayar tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti. Shi na aika a kira, Hamma ya sauko da gwangwani ya buɗe masa da alfahari. Baba Yohanna ya sa tabarau, ya warware takardar a hankali don kada ta karye, ya daɗe yana dubawa.

"Hamma, wannan takarda ya mutu," in ji shi da irin Hausarsa ta mutanen Ganye.

"Takarda tana mutuwa? Ga hatimi nan goma sha bakwai, ƙirga."

"Na ƙirga. Sunan babanka ne a kai. Ranar da aka binne shi, ranar aka binne wannan. Ba gona ba ne da za ka gada."

"To bindigar fa? Ita na gada, izininta ban gada ba? Ka taɓa ganin an ba mutum doki an hana shi linzami?"

"Ni dai abin da doka ya ce nake faɗa maka. Izini na mutum ɗaya ne, kuma kowane shekara sai an sabunta. Yanzu ma ba a ba kowa. Ka bari in yi magana da mai unguwa, a rubuta takarda, su zo da kansu su ɗauka."

"Su shigo gidan ƙanwata da takalma a ce an zo ɗaukar makami? Gobe wa zai sayi ƙosan jikarta?"

Na ce, "Hamma, to mu jefa ta a masai mana, ko a rijiyar bayan gida da ta ƙafe. Wa ya sani?"

Ya kalle ni kamar na zagi kabarin Baba. "Ɓarawo ke ɓoye bindiga, Auta. Ni ba ɓarawo ba ne. Yadda Baba yake kai ta, haka zan kai ta, da rana tsaka, kowa yana gani. In sun ce su riƙe, su riƙe, amma da hannuna zan miƙa."

Baba Yohanna ya cire tabarau ya ce, "Tsohon nan, taurin kanka ya fi ƙarfen bindigar. Ka ba ni kwana biyu kawai." Hamma ya ce to. Na san wannan to ɗin tun muna yara, ba ta nufin komai.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke na ji ƙarar ƙusa tana goga bango, wato an sauke bindiga. Kafin in goge hannu ya fito cikin farar riga da hula, gwangwani a aljihu, bindiga a kafaɗa. Ya bi ta wajen mai gasa masara na bakin lungu ya tsinci totuwa ya cusa mata. Ni mace ce mai zaman gida, sai in yi wata uku ban wuce bakin titi ba, amma ranar ban san lokacin da na zura hijabi na bi shi da silifa ɗaya nawa ɗaya na jikata ba. Ya tsayar da masu keke-napep har uku, duk wanda ya hango abin da ke kafaɗarsa sai ya murɗa ya wuce. Hamma ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, ya kama hanya a ƙafa.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda titi ya riƙa yin shiru a gabanmu. Muna tafe, ƙarar gari tana janyewa kamar ruwa a yashi. Tela ya tsayar da keken ɗinki. Mai shago ya jawo ƙofar ƙarfe rabi. Wata mata ta fizgi ɗanta ta shige wani gida da na tabbata ba nata ba ne. Shi kuwa Hamma yana ta ɗaga hannu, "Sannunku da aiki, ina kwananku," ba mai amsawa. Na riƙa ce masa, "Hamma, mu koma, don girman Allah mu koma." Ya ce, "Ba ki ga totuwa ba ne? Makaho ma ya san babu komai a ciki."

A kan kwanar da za ta fitar da mu babban titi akwai shinge, buhunan yashi da ganga biyu. Samari uku ne a wurin cikin kayan sarki, dukansu ba su kai ɗana Umaru ba, kuma da ganinsu ba 'yan yankin nan ba ne, daga nesa aka kawo su. Idanunsu ja, irin na wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ɗaya ya daka tsawa da Turanci. Ban ji abin da ya ce ba, amma tsawa ba ta buƙatar tafinta. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji kusa haka ba, ƙarfe yana ja da baya ya koma mazauninsa, sau uku, ɗaya bayan ɗaya. Hamma ya tsaya. Ya yi murmushi, ya yi musu cikakkiyar sallama. Sannan ya yi abin da ya ga ubansa yana yi wa kowane baƙo a hanya tun yana ɗan shekara bakwai: ya sauke bindigar daga kafaɗa ya juyo musu da bakinta don su ga totuwar.

Ban yi tunani ba. Na kama ƙarfen bindigarsa da hannu biyu na zauna daɓas a kan kwalta da duk nauyina, bakin ya doki ƙasa. A daidai nan ɗaya daga cikin samarin ya harba. Na ji iskar harsashin ta wuce saman kaina, allon wani shago a bayanmu ya yi ƙara kamar an jefi faranti. Daga nan sai takalma, da gindin bindiga a bayan Hamma, da hularsa tana birgima. Totuwar ta fita ta gangara cikin kwata. Ina kallonta tana tafiya a ruwan datti, ina ta nuna musu da hannu ina cewa ga ta can, ga ta can, ba wanda ya san abin da nake nunawa. Suka jefa shi bayan mota, suka jefa bindigar a kansa. Wani mai ɗan shekaru da ya iso daga baya ya dube ni a zaune a titi ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Mama, tafi gida." Na tafi da silifa ɗaya.

A wancan lokacin wanda aka ɗauka da makami ba kullum yake dawowa ba, kowa ya sani, ba mai faɗa. Umaru ya baro gonarsa ta shinkafa ya zo, shi da Baba Yohanna suka riƙa fita tun safe suna bin ofis-ofis. Nan a ce ba ya nan, can a ce ba a san zancen ba, wani wurin ma ba a bari ka matso bakin ƙofa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Barno, matar malamin allo, takan kawo mini kunu ta zauna kusa da ni. Daga baya na ji ƙaninta ma haka aka ɗauke shi a garinsu, har yau shiru. Mata suka rage shigowa gidan. A bakin famfo aka fara cewa ai dama tsohon nan shiru-shirunsa ya yi yawa. Ni kuwa duk motar da ta rage gudu a bakin lungu sai na miƙe.

Baba Yohanna ne ya fito da shi. Ya rubuta takarda ya kai wa mai unguwa da limami da fastonsu duk suka sa hannu, ya nemo wani da suka yi aiki tare a kotu, ya tsaya da kansa ya ce in tsohon nan ya gudu, shi za a kama a madadinsa. Rana ta goma sha tara, bayan azahar, na ji tafiya a lungu, ba jan takalmi, tafin ƙafa ne tsirara, a hankali, ana jan ta hagu. Ban gane tafiyar ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da ɗan'uwana ya iso ƙofa ban san shi ba ne. Farar rigar ta koma launin ƙasa. Ya zauna a bakin zaure, na kawo ruwa, ya karɓa da hagu don ya dunƙule hannun dama. Da na buɗe hannun sai na ga babban yatsansa shuɗi da tawada.

"Sun ce in dangwala," in ji shi. "Wai an kama ni da haramtaccen makami." Ya dubi yatsan. "Bindigar Baba, Auta."

"Takardar fa?"

"Na nuna musu. Wani ya karanta wa sauran, suka yi dariya."

Bai ƙara cewa komai a kan kwanakin nan ba, ni ma ban tambaya ba. Yana nan da ransa, ya haura tamanin. Yana wuni a zaure da carbi, amma ya juya kujerarsa, yanzu cikin gida take kallo, ba titi ba.

Shekaru sun wuce, an ce abin ya lafa, an kwashe wasu shingayen. Amma bindiga ba ta ragu a garin nan ba, ɓuya ta yi. Da a ƙauyenmu guda uku ne kowa ya san masu su, yau ba ka ganin ko ɗaya, kuma ba ka san a ƙarƙashin gadon wa take ba. Yara masu ƙwacen waya sun tashi daga wuƙa. A ƙauyukan gefen Sangere ana bin mutum har gona a tafi da shi. Watan jiya aka ɗauki wanda gonarsa ke jikin ta Umaru, da rana, yana cikin ban ruwa.

Ran Talata Umaru ya zo. Ya gaida kawunsa a zaure, ya shigo ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya.

"Dada, akwai wani da ke sayarwa. Ƙarama ce, tana shiga buhun taki."

"Da izini?"

"Wane izini? Na je na tambaya, sun ce an rufe. Waɗanda ke zuwa gona ɗaukar mutane, izini suke nunawa?"

"In aka kama ka fa? Ba kai ka yi ta yawon neman kawunka ba?"

"Shi ya sa ba zan ajiye a gidana ba. In ba lokacin aikin gona ba, sai ta zauna a silin ɗin ɗakinki na baya. Wa zai bincike tsohuwa?"

Na buɗe baki zan ce masa a'a, sai na lura carbin zaure ya daina ƙara. Muna tsammanin Hamma ba ya jin komai yanzu. Ya yi gyaran murya, bai ko juyo ba.

"Umaru."

"Na'am, Kawu."

"In ka saya, kada ka nuna wa kowa. Ko mai unguwa, ko liman. Ka naɗe ta da kyau, ka bi ta lungu."

Carbin ya ci gaba. Umaru ya dube ni, ni na dubi shinkafar da ke faifai. Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Ya ce ran Juma'a zai dawo. Jiya na sa jikokina sun kwashe katifarsu daga ɗakin baya, na ce musu rufin yana yoyo.